Kayan haɗa koktel irin na Boston: inda suka burge da inda suka gaza

Kayan haɗa koktel, wato abin sha da ake yi ta hanyar gauraya barasa da wasu abubuwa, waɗanda ake sayarwa cikin akwati guda sukan ƙunshi kofuna biyu na ƙarfe marar tsatsa waɗanda ake kifa ɗaya a kan ɗaya, abin da masu sana'ar ke kira Boston, tare da ma'auni mai baki biyu, da matata mai zoben waya, da dogon cokali mai murɗaɗɗen hannu, da 'yar tabarya ta dandaƙa ganye. Na daɗe ina aiki da irin wannan akwatin, kuma ra'ayina shi ne ya wadatar sosai wajen tsofaffin haɗe-haɗen da aka sani, amma bai cika ba idan aka zo kan na ƙasashe masu zafi.

Ma'aunin ne ya fi komai daraja a wurina, ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta. Baki ɗaya yana ɗaukar mililita 30, ɗayan 60, kuma akwai layuka a ciki da ke nuna rabi. Daiquiri, wanda ya samo sunansa daga wani wuri kusa da Santiago a Kuba, abu uku ne kawai: barasar rum, ruwan lemun tsami da sukari. Haɗin da babu komai a cikinsa sai waɗannan ba ya ɓoye kuskure, domin ƙarin lemun tsami kaɗan zai sa ya daki haƙora, ƙarin sukari kuwa zai sa ya gundure mai sha. Wanda ya saba zubawa da ido zai ga bambanci nan take.

Kofunan ma sun yi abin da ake so. Babban yana ɗaukar kusan mililita 800, ƙaramin kusan 500, kuma da zarar ƙanƙara ta sanyaya su sai su manne, ba ɗigo ko ɗaya, sannan bugu guda da tafin hannu a gefe ya raba su. Girgizawa ta daƙiƙa 10 zuwa 15 ta isa, domin a wannan ɗan lokacin ƙanƙarar takan narke ta ƙara ruwan da ke sassauta ƙarfin haɗin, iska kuma ta shiga ta ba shi kumfa mai laushi. Haɗin da ba shi da ruwan 'ya'yan itace, kamar Martini ko Negroni na Italiya, wanda ake yi da kashi daidai na barasar jin, Campari (barasa mai ɗaci) da vermouth (giyar inabi mai ƙamshin ganyayyaki) mai zaƙi, juya shi ake yi da cokali don ya fito garau, kuma murɗin hannun cokalin yana sa ya yi ta zagaye cikin yatsu ba tare da fasa ƙanƙara ba.

Giɓin yana bayyana ne a ɓangaren haɗe-haɗen ƙasashe masu zafi. Mai Tai, haɗin barasar rum wanda wani mai gidan abinci, Victor Bergeron, ya ce shi ya ƙirƙira a Oakland ta Amurka a 1944, ana zuba shi ne a kan dakakkiyar ƙanƙara, amma akwatin ba shi da buhu da gudumar da ake daka ta. Piña colada, wadda Puerto Rico ta ayyana a matsayin abin shan ƙasa a 1978, ta fi kyau idan injin markaɗe ya haɗa abarba da madarar kwakwa da ƙanƙara suka yi kauri. Babu kuma abin matse lemun tsami, alhali kusan kowane haɗi na wannan rukuni yana dogara ne da sabon ruwan lemo, kuma na kwalba ba ya maye gurbinsa.

Tabaryar ce ta fi ba ni takaici. An yi mata haƙora a ƙasa, waɗanda ke yayyaga ganyen na'ana'a har ɗaci ya fito, bayan kuwa abin da Mojito, haɗin rum da na'ana'a da lemun tsami da soda, ke bukata shi ne a ɗan danne ganyen ƙamshinsa ya tashi. Ta katako mai shafaffen gindi ta fi ta nesa ba kusa ba.

Wanda ba ya shan barasa ma zai amfana da kayan, domin abarba da kwakwa, ko na'ana'a da lemun tsami da soda, suna bukatar awo da sanyi iri ɗaya. Ina ba da shawarar sayen akwatin, bisa sharaɗin a haɗa da abin matse lemo tun ranar farko, a kuma sauya tabaryar.