Matar da ta fito daga bayan kantar ma'aikata a Frankfurt

'Yan'uwa na Kano, kun yi ta tambayar abin da ya hana ni isowa ranar da na ɗiba, to ga bayani. Muna zaune a filin jirgin Frankfurt aka sanar da soke tashinmu saboda matsalar inji, ni kuwa da na saba da halin gida sai na fara laluben kusurwar da zan shimfiɗa darduma in kwana.

Ba a jima ba wata mata mai furfura ta fito riƙe da oba-oba, ta faɗi sunanta, ta ce ita ce shugabar masu kula da fasinjoji a wannan dare, duk mai ƙorafi ita zai nema. Ta rarraba ma'aikatanta, ta sa aka fara da masu goyo da tsofaffi, sannan ta bi layi da ƙafarta. Da ta iso kaina ta duba tikitina, ta mayar da ni jirgin washegari, ta ba ni takardar abinci da ta otal da ta motar da za ta kai ni, ba tare da ta buga wa wani oga waya ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da bakinta ta gaya mini cewa dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta ba ni damar neman diyyar Yuro 600, tunda tafiyar ta haura kilomita 3,500 kuma ba rashin kyawun yanayi ne ya jawo ba. Ma'aikaciyar kamfani ce fa take nuna mini hanyar aljihun kamfaninta.

Nan take na tuna zuwana na bara, lokacin da wani kamfani ya shanya mu tun azahar har bayan isha'i a hanyar Legas. Mai irin wannan muƙami yana nan, amma da hayaniya ta tashi sai ya sulale ofis, ya bar wata yarinya ma'aikaciya a bakin kanta tana shan zagin da ba nata ba. Mu ma ba mu tsira ba: wasu suka huce a kanta, wasu suka ce ƙaddara ce suka yi shiru, wani Alhaji kuwa waya ɗaya ya buga aka samar masa kujera a wani jirgin. Alhali ƙa'idojin NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, sun tanadi abin taɓawa da mayar da kuɗin tikiti, har da masauki idan dare ya raba, amma babu wanda ya ambace su, har da ni.

Sai dai a otal ɗin Frankfurt burodi mai sanyi da cuku na ci ni kaɗai, babu mai ce mini sannu. A daren bara kuwa wata Hajiya ta buɗe robar dambun nama ta zagaya da ita, muka yi jam'in isha'i, har aka sami mai ba mu labarin kasuwar Kwari muna dariya.