Makirufo Mai Araha Ko Mai Tsada?

Matasa masu buɗe sutudiyo sun dame ni da tambaya: makirufo AT2020 na kamfanin Audio-Technica za su saya, ko su daure su tara kuɗin Neumann U87?

Farashi dai ba a haɗa su. Na farko yana kusan dala 100, na biyu ya haura dala 3,000. Dukansu suna buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 48 daga na'urar da aka jona su.

U87, wanda aka fara ƙerawa a Jamus a 1967, yana fito da kauri da taushin murya, kuma yana iya ɗaukar sauti ta gaba kaɗai, ta gaba da baya, ko ta ko'ina. AT2020 ta gaba kawai yake ji, muryar kuma takan ɗan yi kaifi. Sai dai fa mai tsadan ba ya rufa asiri: ƙarar janareta, fanka, amon bango, duk zai kwaso su tas. Ga jabunsa a kasuwa. Amma na gaske yakan daɗe, kuma ko an tashi sayarwa yana da daraja.

Mai koyo a ɗakin da bai sha soson rage amon bango ba, AT2020 ya ishe shi, rarar kuɗin ya gyara ɗaki. U87 na mai sutudiyon da ya ginu ne, wanda mawaƙa ke biya su shiga.