Hattara da masu tallar "ganyen sukari" da alkawarin dawowa su sayi amfani

Manoma, musamman masu noman rani da ke da 'yar fadama ko rijiyar burtsatse, a yi hattara. Akwai masu yawo a WhatsApp da Facebook, wani lokaci har taro suke kira a ƙauye, suna tallar stevia, wadda suke kira ganyen sukari. Zancensu ɗaya ne: ka biya kuɗin rajista, ka sayi iri ko dashe a hannunsu, in ka girbe su dawo su saye ganyen da farashin dala.

Shukar dai gaskiya ce, shi ya sa zancen ke shiga kunne. Asalinta Paraguwai da Burazil, kuma sinadarin da ake tatsa daga ganyenta ya fi sukari zaƙi sau 200 zuwa 300. Japan ta fara kasuwancinsa tun shekarun 1970, Amurka ta amince da tataccen sinadarin a 2008, Tarayyar Turai a 2011. Za su miƙa maka ɗan ganye ka tauna, zaƙi ya cika maka baki, daga nan sai hannu ya tafi aljihu.

Abin da ba za su faɗa maka ba shi ne, kamfanonin lemo tataccen gari suke saye, ba ganye ba. Sai akwai masana'antar da za ta tace shi, kuma mafi yawan wannan aikin a ƙasar Sin ake yin sa. Ko a Kenya, inda ƙananan manoma suka noma ta a yankin Kericho, kamfani ne da ke wurin ya ɗaure yarjejeniya da su, ya ba su nau'in da yake so. Ana biya ne bisa gwajin zaƙin da ke cikin busasshen ganye. Ta nan macuta ke sulalewa: ka kai buhunanka, a ce maka ganyen bai kai daraja ba. Wasu ma kafin girbi layinsu ya daina shiga. Ribarsu tana cikin dashen da suka sayar maka, sun kuma riga sun karɓe ta.

Ita kanta shukar ba ta da haƙurin gero ko dawa. Saiwarta a sama take, ƙasa na bushewa sai ta yi yaushi, ruwa ya kwanta kuma ta ruɓe. Ka tuna zafin Maris da Afrilu, ka lissafa kuɗin man injin ban ruwa. Inda yini ba ya tsawo, kamar nan wajenmu, tana saurin fitar da 'yan fararen furanni, daga nan ganye ya ragu, zaƙi ya ja baya. Irinta kuwa ƙanana ne ƙwarai, ba sa tsira sosai, galibi baƙaƙen ne masu rai, masu ruwan ƙasa-ƙasa fanko ne. Don haka manoman gaske da yankan reshe suke dasawa. Wanda ya ƙulla maka iri a leda ya ce kowace ƙwaya za ta fito, ya yaudare ka.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda suke cewa ganyen yana warkar da ciwon suga. Ba ya warkarwa. Madadin sukari ne kawai, kada wani dattijo ya ajiye maganinsa saboda tallar ɗan damfara.

Kafin ka ba da ko sisi, ka nemi sanin ina masana'antarsu take, ka kuma ce a kai ka gonar manomin da aka taɓa sayen ganyensa aka biya shi, ka ji daga bakinsa. Takardar rajistar kamfani ta CAC kaɗai ba hujja ba ce, macuta ma suna yin rajista. Ka kai takardar yarjejeniyar wurin malamin gona ya duba maka farashi da sharaɗin ƙin karɓar kaya. In har kana sha'awa, gwada kunya biyu a gefen lambu, kada ka sayar da bijiminka ko ka tumɓuke albasarka. Wanda kuma aka riga aka karɓe wa kuɗi, ya adana shaidar tura kuɗin da saƙonnin wayar, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ya kuma sanar da mai unguwa kafin su shiga ƙauye na gaba.