Allurar da kuke cewa in aiko daga Ingila

Assalamu alaikum Yaya, da duk mutanen gida. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi.

Daga ƙaramar sallah zuwa yau saƙo huɗu na samu a kan magana ɗaya: naka, na Gwaggo ta Gwammaja, da na 'yan mata biyu a dangi da bikinsu ya matso. Kowa so yake in aiko masa da allurar nan ta sati-sati da ake cewa tana maganin ciwon suga, tana kuma zubar da teɓa. Tunda ni ma ita nake yi a nan Manchesta, gara in faɗa muku yadda take zuwa hannuna.

Sunanta Ozempic, kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Danmak ke yin ta. Kamar ƙaton biro take, mutum ya murɗa ya caka a fatar ciki ko cinya, sau ɗaya a mako. Ba ta raba mutum da ciwon, saisaita shi take yi. Tana sa jiki ya fitar da insulin idan suga ya hau, abinci ya daɗe a ciki, kwaɗayi ya kwanta. Wegovy 'yar uwarta ce, sinadari ɗaya, amma don ƙiba aka yi ta. Akwai kuma Mounjaro ta kamfanin Eli Lilly na Amurka.

Ban same ta don na nema ba. Shekara biyu ina shan ƙwayar maganin suga ta metformin, sai da gwajin jinin da ke nuna sugan wata uku ya ƙi sauka sannan likita ta rubuta min. An fara min da miligiram 0.25, sai bayan sati huɗu aka ƙara. A watan farko ko ƙanshin daddawa ba na iya shaƙa saboda tashin zuciya. Kuɗi kuwa ba na biya a kemis. Sauran mutane fam 9.90 suke bayarwa a kan kowane maganin da likita ya rubuta, amma mai ciwon suga da ke kan magani ana ba shi takardar yafiya ta shekara biyar. Kada ku ɗauka sadaka ce. Yawancinmu baƙi fam 1,035 muke zubewa kuɗin kiwon lafiya na kowace shekara tun kafin a ba mu biza, ga haraji da ake yanka daga albashi duk wata.

Ko a nan ɗin ma ta taɓa yin wuya. A 2023 masu son ramewa sun yi mata rubdugu har masu suga suka riƙa yawo kemis-kemis ba su samu ba, sai da hukuma ta ce likitoci su daina rubuta ta ga wanda ba shi da ciwon. Wanda ƙiba ce kaɗai damuwarsa, hanyarsa ta fi tsawo. Sai a watan Yunin 2025 likitocin unguwa suka fara bayar da Mounjaro a tsarin gwamnati, shi ma ga masu ƙiba mai tsanani da ke fama da aƙalla cututtuka huɗu cikin biyar da aka lissafa, irin su hawan jini da ciwon zuciya. Saura su saya da kuɗinsu. A Satumbar shekarar farashin mafi ƙarfinta ya tashi daga fam 122 zuwa 330 a wata. Ka juya shi naira a canjin lokacin, ya haura dubu ɗari shida, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi aka tsayar da shi naira 70,000 a 2024. Kuma da yawa idan sun daina, jikin dawowa yake yi.

To ko da ina da kuɗin, ba zan saka Ozempic ɗina a jakar matafiyi ba. Da sunana aka rubuta, a ƙidaye ake ba ni. Sannan a firji take kwana, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In an fara amfani da ita za ta yi sati shida a waje, amma kada zafi ya wuce 30, ka kuwa san Kano a watan Afrilu. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne jabu. A Oktobar 2023 hukumar magunguna ta nan ta yi gargaɗi kan wasu na bogi, waɗansu insulin aka ɗura a ciki, har aka kwantar da mutane a asibiti. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an gano irinsu a Birazil da Birtaniya da Amurka. Idan haka ta faru inda ake sa ido, ina ga wadda ake tallatawa a WhatsApp, a kawo ta a ɗan sahu da tsakar rana? Ka gaya wa amaren nan mai neman haihuwa ba ta yin ta, sai ta daina da wata biyu kafin ɗaukar ciki. Jiya-jiya muke faɗa da sha-ka-fashe, ba na son mu faɗa wani ramin.

Yaya, Baba ne a raina. Zuwana na bara na ga kwalbar insulin ɗinsa ƙulle a leda, an tura ta cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, Inna tana yayyafa ruwa safe da yamma saboda kwana biyu ba a kawo wuta ba. Dabarar ban raina ta ba, irinta ce ta sa aka karrama Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa a shekarar 2000, tukunya cikin tukunya. Abin da ya sa ni kuka shi ne sirinjinsa, guda ɗaya yake maimaitawa har tsinin ya dakushe. Da na duba inda yake tsayar da ita, na ga bai kai abin da likita ya rubuta ba. Na tambaye shi, ya ce, "Tattalawa nake, 'yar nan, wata da nisa." Na san tun da aka saki naira a Yunin 2023 magani ya yi tashin gwauron zabo, kuma duk komawa kemis da sabon kuɗi. Amma rage allura ba tattali ba ne, ido da ƙoda ne ke biya.

Abin da na fi samu a nan ba biron ba ne, bibiya ce. Duk shekara sai an kira ni a ɗauki hoton cikin idona, a gwada ƙodata, a sa ni cire safa a tattaɓa tafin ƙafata. Ganin likita yakan ɗauki makonni, kuma tsohuwar da ke maƙwabtaka da ni ita kaɗai take fama da allurarta, ba mai leƙa ta. Baba yana da Inna, yana da ku. Bibiyar ce babu.

Don haka kuɗin da zan turo ranar Juma'a ka raba su haka: ƙaramin firji mai aiki da sola, insulin na wata biyu daga kemis mai rajista, kwalin sababbin sirinji, da tsinken gwajin suga. Ka kai shi ɓangaren masu suga a Asibitin Malam Aminu Kano, ka tambayi likita da bakinka ko ta sati-satin ta dace da shi. Kada ya daina yin insulin sai likita ya ce, kuma kada a haɗa masa biyun a gida, suga na iya faɗuwa ƙasa warwas. Gwaggo ma ta bi ku a gwada ta.

Yau da dare idan ya idar da sallar isha'i, ka haska tocila ka duba tsakanin yatsun ƙafarsa ta hagu, inda ya ce min ba ya jin taɓi. Ka ɗauki hoto ka turo min.