Jos da Sakkwato ga mai gudun fanfalaki: me za ka rasa, me za ka samu?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ga tambayarka: an yi maka canjin wurin aiki daga Jos zuwa Sakkwato, ka saba gudun fanfalaki don sha'awa, kana da niyyar shiga gasar Legas ta watan Fabrairu, kana son sanin ko atisaye zai yiwu a nan ko kuwa ka haƙura. Zai yiwu, har ma da riba a ciki. Sai dai idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. A Jos hanya kake zaɓa, a Sakkwato kuwa lokaci da gida ne za su yanke maka hukunci.

Abin da kowa zai fara faɗa maka shi ne tudu. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, Sakkwato kuwa wajen mita 300. Iskar tudu ta fi ƙarancin oksijin, sai jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini don ya cike giɓin, kuma 'yan gudun Pankshin sun yi suna a ƙasar nan. Amma kada wannan ya hana ka barci. Iten ta Kenya, inda manyan zakaru ke atisaye, tana wajen mita 2,400, ninkin Jos ke nan, kuma ga mai gudu kafin ya tafi ofis bambancin tudun Jos da Sakkwato ba shi ne zai kai shi ƙarshen tsere ko ya hana shi ba. Abin da za ka yi kewa shi ne hawa da gangara. Hanyar Lamingo da wajen duwatsun Shere suna gina ƙafa ba tare da mutum ya nema ba. Nan ƙasar a shimfiɗe take, sai ɗan gangaren da ke sauka zuwa gulbin Rima a hanyar jami'ar Ɗanfodiyo, wajen Kwalkwalawa, sai kuma yashin bakin fadama, wanda minti 20 a cikinsa ya isa sharaɓa ta ji a jikinta. Hanyar gasar Legas ita ma shimfiɗaɗɗa ce in ka cire hawan gada, don haka asarar ba ta da yawa.

Zafi ne babban al'amari. A Jos kana iya fita ƙarfe 8 na safe ko bayan la'asar kusan duk shekara. A nan daga Maris zuwa Mayu ma'auni yana haura digiri 40 da rana, a Afrilu kuwa ko da tsakar dare bango bai huce ba. Lokacinka ɗaya ne, bayan sallar asuba. Ka jera kayanka tun dare, kana dawowa daga masallaci ka zura kambas ka fita, ƙarfe 8 ta same ka a gida. Gudun yamma a bazara ban ba ka shawararsa ba ko kaɗan, don kwalta tana amayar da zafin da ta sha duk yini, ga 'yan kabu-kabu sun cika titi.

Haɗarin zafin nan shi ne busasshe ne. Gumi yana bushewa tun bai jiƙa riga ba, sai mutum ya ɗauka bai zubar da komai ba. In ka dawo ka duba hularka, za ka ga farin zanen gishiri ya zagaye bakinta, haka ma wuyan riga da gefen idanu. Ka riƙa hawa sikeli kafin fita da bayan dawowa. Duk kilo 1 da ya ragu kusan lita 1 ce ta ruwa ta fita. A dogon gudu ruwa zalla bai isa ba, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari irin wanda ake saya a kemis. In fitsari ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci. In kuwa jiri ya ɗebe ka, ko tsigar jiki ta tashi a tsakiyar zafi, ko ka ji kanka ya fara ruɗewa, ka tsaya nan take, ka nemi inuwa, ka kwara ruwa a jiki, in bai lafa ba a kai ka asibiti. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne, zafi yana kashe mai lafiya. Jiki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba, a wannan tsakanin ka rage nisa da sauri, ka daina gwada agogonka da abin da kake yi a Jos.

To ina ribar? Jikin da ya saba da zafi yana fara gumi da wuri, ruwan jininsa yana ƙaruwa, zuciya ba ta wahala kamar da. Legas gari ne mai zafi, kuma wanda ya taso daga sanyin Filato ya fi jin dukansa. Sai dai zafin Legas mai danshi ne, gumi ba ya bushewa, kuma wannan daga Jos har Sakkwato babu wadda ke koyar da shi sosai. Safiyar Agusta bayan an kwana ana ruwa ita ce ta fi kusa.

Abin da ya fi faranta mini rai game da garin nan shi ne yadda yanayinmu ya yi daidai da gasar da kake nufi. Shirin tserenta mai nisan kilomita 42.195 kan ci mako 16 zuwa 20. Ƙirga baya daga Fabrairu, za ka faɗo Oktoba. Wannan watan da sauran zafi bayan ɗaukewar ruwa, amma a lokacin gudun bai yi nisa ba tukuna. Daga Nuwamba hunturu ya shigo, Disamba da Janairu kuma, lokacin da za ka yi dogayen gudu na kilomita 28 zuwa 32, ɗari ake yi da asuba har sai ka nemi riga mai dogon hannu. A Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7, kusan minti 20 bayan ta fito a Jos, kuma ba ta fara cizo da wuri. Kana da sa'o'i uku masu kyau bayan salla. Kuɗin da za ka biya shi ne ƙura, wadda ta fi ta Jos nesa ba kusa ba. Leɓe zai tsage, wani har haɓo yake yi. Man kaɗanya a leɓe da bakin hanci yana taimakawa. Ranar da hazo ya sauka har ba ka hango ƙarshen layinku, ka zauna gida, balle in kana da asma.

Batun gida ka ba shi muhimmanci fiye da yadda ka ba shi a Jos. Cikin tsohon gari, wajen Hubbare da fada da kasuwa, akwai daɗin zama da mutane, amma lunguna ne da cunkoso, sai ka hau abin hawa kafin ka sami inda za ka miƙe ƙafa. Unguwanni irin su Arkilla, Bado, Guiwa da Gawon Nama sun fi kusa da manyan tituna, Runjin Sambo kuma ta ba ka hanyar jami'a. Titin Kalambaina ka yi hattara da shi saboda tirelolin siminti. Kafin ka biya dillali, ka je unguwar da kanka da asuba ka ga ko akwai haske, ko akwai karnuka, ko yashi ya cinye gefen kwalta. Sannan ka shiga ɗakin da azahar. In bangonsa na kallon yamma ko rufin kwano ne babu sili mai kyau, ba za ka yi barci a bazara ba, wanda bai yi barci ba kuwa ba zai tashi gudun asuba ba. Ka tambayi ruwa, bohol ne ko sai an jira 'yan ga-ruwa, don mai gudu yana wanka da wanki fiye da kowa a gidan. Ranar kwashe kaya kada takalman gudunka su bi babbar mota, zafi yana sakin gam.

Akwai kuma zama da jama'a. A Jos an saba ganin mai gudu da gajeren wando, nan ka nemi mara nauyi wanda ya rufe gwiwa. Satin farko za ka gamu da dattijo yana dawowa daga masallaci da carbi a hannu, ya tsaya ya dube ka ya ce, "Lahiya dai, yaro?" Ka rage gudu ka gaishe shi da kyau. Nan da wata ɗaya, in ka yi fashi shi zai fara tambayar ina ka shiga. Kada ka fita bayan gari cikin duhu kai kaɗai, halin tsaro ba ɓoyayye ba ne. Ka yi zagaye biyu a cikin gari ya fi, kuma iyali su san hanyar da ka bi. Abinci ba za ka sha wahala ba: dabino kafin fita, kunu da masa bayan dawowa, fura da nono da kankana da rana.

Tafiya Legas ba ta bambanta da ta Jos sosai ba wajen nisa. Daga nan kusan kilomita 1,000 ne, ta Jega, Yawuri, Kwantagora, Makwa, Jebba, Ilori da Ibadan, zaman da ke kumbura ƙafa. Tun da aka fara gasar a 2016 ranar Asabar aka saba yin ta da sassafe, saboda haka ka isa ranar Alhamis, ka karɓi lambarka, Juma'a ka huta. In jirgi za ka bi daga filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, nan ma ka bar kwana ɗaya rara, don hazon hunturu yana hana jirage sauka da tashi a Arewa. Takalmi da safa su kasance a jakar hannunka. Ranar tsere ka fara a hankali fiye da yadda ka saba a ɗarin Janairu, danshin Legas sai bayan kilomita 25 yake nuna kansa.

Kafin ka yi rajista ko ka yanki tikiti, ka duba kalandar Musulunci. Azumin 2025 ya kama 1 ga Maris, kuma duk shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11, ke nan a 'yan shekarun nan zai riƙa cin karo da ranar gasar ko da makonnin dogon gudu. In ya faɗo cikin shiri, ka mayar da gudun bayan tarawihi a titi mai haske, ka gajarta shi, ka sha ruwa sosai har zuwa sahur. In ranar tseren kanta ta faɗo cikin azumi, ni dai zan bar ta wannan shekarar in nemi wata gasar. Faɗa mana watan da za ka iso da unguwar da ofishinku yake, mu duba maka inda ya fi dacewa ka kama haya.