Gyaran salansar Corolla 'yar Kanada a Gombe: aikin ya yi, amma da sauran gyara

Garejin da na kai motata yana ɓangaren hanyar Dukku. Mai walda ne da yaransa, sai ramin da ake hawa da mota a leƙa ƙasanta. Motar Corolla ce samfurin 2006, 'yar Kwatano, asalinta daga Kanada. Ta fara ƙara, warin hayaƙi yana shigowa ciki har yara na kukan ciwon kai idan an rufe gilasai, fitilar injin ta kama, ga shan mai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba mai wasa da wannan na ƙarshen.

Kafin in je can, wani bakanike ya riga ya yanke hukunci tun bai duƙa ba: wai indomi (matatar hayaƙin da ke jikin salansa) ce ta toshe, a fasa a zubar. Duk mai mota a garin nan ya san inda ake kai abin da aka "zubar". Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta, irin su filatinam da faladiyam, kuma masu saye suna nan suna jira.

Mai waldan kuwa sai da ya kira mai kwamfuta aka jona, lamba P0171 ta fito, wato iska ta fi mai yawa a lissafin injin. Sannan ya ce, "Yallaɓai, sauko ramin ka gani da idonka." Ya sa sukundireba ya taɓa bututun, tsatsa ta riƙa zubowa ɓawo-ɓawo a kafaɗata. Wata 'yar kafa ce ta ɓulle kusa da sensar da ke auna hayaƙi. Iska na shiga ta nan, sensa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfutar motar ta ƙara turo fetur. Indomin lafiyarta lau, kuma a gabana aka mayar da ita. Wannan kaɗai ya sa zan koma wurinsa.

Tsatsar ba ta Gombe ba ce, busasshiyar ƙasarmu ba ta cin ƙarfe haka. Gishirin da ake watsawa a titunan Kanada lokacin dusar ƙanƙara ne ya yi shekaru yana aiki, dillalai kuma suka fesa baƙin fenti a kai. Notika sun haɗe da ƙarfe, sai da aka gasa su da wutar gas, wasu ma suka karye. Ya nuna min bututun birki na baya shi ma ya fara cinyewa, ya ce ba a yi masa walda, sabo ake sawa, kuma ba aikinsa ba ne. Na yaba da hakan.

To amma akwai abin da ban ji daɗinsa ba. Ana walda tazara kaɗan da tankin mai, babu abin kashe gobara, sai bokitin ruwa da tsumma. Yaron da ke riƙe bututun ko tabarau babu. Ƙarfen da aka yi faci da shi siriri ne, ba irin wanda ba ya tsatsa ba, don haka ban sa ran zai daɗe kamar na kamfani ba. Alƙawarin "bayan la'asar" kuma ya kwana, wannan kam mun saba.

Da aka gama ya ce a fesa baƙin mai a ƙasan motar don maganin tsatsa. Na ce, "Oga, a bar shi." Baƙin mai yana kumbura robobin ƙafa, ga ƙurar hunturu ta manne ta rufe duk inda ya kamata a gani. Goga na ƙarfe da fentin hana tsatsa na sa aka yi a wani wuri.

Ƙarar ta tafi, warin ya ɗauke, fitilar ba ta sake kamawa ba ko a tafiyar da na yi Bauchi da dawowa. Mai son kai tasa ya tafi da nasa bututun mai kauri, ya kuma tsaya a kan aikin.