Wata uku da akwatin DAC a falona

Amfilifayata tsohuwa ce 'yar gwanjo. Tun ban yi aure ba na saye ta a wajen masu kayan sauti na gefen kasuwar Wunti a Bauchi, haɗe da sifiku biyu masu akwatin katako. Duk shekarun nan laftof nake jona mata ta ramin iyafis, da igiyar nan mai kai ja da fari. Abin da ya ishe ni shi ne ƙugi. Da na sa caja sai wani "zuuu" ya biyo sifika, in na motsa linzamin kwamfuta kuma a riƙa jin tsit-tsit kamar gyare ya shiga ɗaki.

Ƙanena da ke karatun lantarki a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya saurara, ya ce, "Yaya, kada ka ɗora wa amfilifaya laifi, DAC ɗinka ne." Ni a lokacin ko sunan ban taɓa ji ba.

Ga yadda na fahimci abin. Waƙar da ke cikin kwamfuta ko waya lambobi ne zalla. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, yana ɗauke da awon sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo bit 16, wato jerin lambobi 16 na sifili da ɗaya. Ita kuwa sifika ba ta jin yaren lamba, wutar lantarki mai hawa da sauka take so. DAC shi ne tafinta a tsakani. Laftof ma tana da nata, sai dai ɗan mitsitsi ne da aka cusa cikin cunkoson sauran kayan wuta, yana kwasar hayaniyarsu yana miƙo mini.

Wanda na saya ɗan China ne, girmansa bai wuce gwangwanin sadin biyu ba. Daga Legas aka sako shi a mota na karɓa a tasha, ya ci mini abin da ya fi kuɗin buhun shinkafa. Ƙofofin shiga uku ne: USB, da kowakshiyal, da oftikal mai aiki da haske. A jikin kwali an rubuta 32 bit da 768 kHz, wato awo sau 768,000 a daƙiƙa, da manyan baƙaƙe. Wannan dai ado ne. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da sirantarsa ta wuce 20 kHz, wanda awon CD ma ya ishe shi, balle nawa da ya haura arba'in ya kuma sha ƙarar janareto.

Daren farko na ji kamar an wanke mini kunne. Na sa wani tsohon kiɗan kalangu, na ji saukar makaɗi a kan fata daban, matse tsarkiya daban, muryoyin 'yan amshi sun koma bayan mawaƙin maimakon su cakuɗe da shi. Karatun Alƙur'ani da asuba ya fi burge ni, don a wurin tsayawar mai karatu shiru ne na gaske. Tsit-tsit ya tafi gaba ɗaya. Ƙugin caja kuwa ya ragu ne kawai, saboda igiyar USB ƙarfe ce, tana iya ɗauko shi. Ta oftikal daga talabijin ne na samu ɗaki tsit.

Sai ƙanen nawa ya zo ya rage mini zumuɗi. Ya ce akwatin yana fitar da ƙarfin wuta kusan bolt 2, ramin laftof bai kai haka ba, kuma kunne yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin abin da ya fi daɗi. Ya daidaita ƙarar da mita, ya sa na juya baya, yana sauyawa ina canka. Tsakanin laftof da DAC ban kuskure ko sau ɗaya ba. Da ya kawo tsohuwar na'urar CD ta Baba, waƙa ɗaya a kowane ɓangare, sau goma na dace shida. Wato canki-canka. Ya yi ta dariya, ni kuwa raina ya ɗan sosu, kuɗina ne ai.

Wani abin da ba a gaya maka a talla: waƙoƙin da aka tura maka ta WhatsApp ko mai turi ya loda maka a memori, yawanci MP3 ne da aka matse, wasu 128 kbps ko ƙasa. Abin da aka zubar wajen matsewa DAC ba ya dawo da shi, tona asirinsa ma yake yi. Shantu da kacau-kacau sai su riƙa fita kamar ana murza leda.

Ƙorafina a kan akwatin kansa kaɗan ne. Bai zo da igiyar ja da fari ba, sai da na koma Wunti. Rimot ɗinsa kamar na wasan yara. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita yakan manta ƙofar da yake, sai na tashi na latsa.

Wanda yake jona amfilifaya da laftof ko talabijin, kuma ƙugi ya dame shi, zan ce ya saya, mai matsakaicin kuɗi ya wadatar. Mai na'urar CD lafiyayya ya riƙe kuɗinsa. Ni dai ranar da muka janye sifikun kamu ɗaya daga bango muka ɗora su a kan kujeru 'yan tsuguno, har uwargida ta leƙo daga kicin ta ce, "Maigida, wani sabon abin ka kuma sayowa?" Ranar da DAC ya iso gidan ba ta ce komai ba, sai ƙorafin shuɗin fitilarsa, wadda yanzu na rufe da salatif.